Ladan Dako

Shekara ashirin da bakwai a Tudun Hatsi
ina sauke masarar Kumo, ina loda waken Bajoga.
Buhu ya san wuyana yadda akuya ta san turke.
Sai wata Laraba, ko tsinke babu a kaina,
na sunkuya zan ɗau buta,
ƙugu ya ce: Jauro, a nan muka tsaya.

Na sha saiwa, na sha kafso.
Wanzami ya kafa ƙaho har bayana ya koma gurbin dara.
Sallah ta hau kujera.
Damina uku goshina yana kewar ƙasa.

Lamela, ɗan Kaltungo, mai gashin ƙashi a asibiti,
ya ce in same shi a kwamin iyo na otal, bayan asuba.
Na ce, ni?
Ni da ko ruwan Dadin Kowa daga nesa nake gaishe shi?

Mu biyar ne. Tsohon hedimasta, direban tirela,
tela biyu da keke ya lanƙwashe,
kowa da dogon wando da kunyarsa.
Ruwa iya ƙirji.
Taka gaba. Taka baya.
Bi gefe kamar ƙaguwa.
Ɗaga gwiwa, ka ƙirga biyar, ka sauke a hankali.
Hedimasta ya ƙirga har bakwai don a san shi ne.

A mako na huɗu Lamela ya tallabi ƙeyata,
ya ce, saki jikinka, Baba.
Ban iya ba.
Wanda ya saki jiki a ƙarƙashin buhu, sai dai a kwashe shi.
Ya ce, nan babu buhu.

Na saki.

Kunnuwana suka nutse, Gombe ta yi tsit.
Na ga shirwa can sama, ita ma ba ta kaɗa fiffike.
Wani abu da ya dunƙule a gindin bayana
tun kafin a yaye Adda
ya buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Ba zan yi ƙarya ba, ciwon bai yi ƙaura ba,
murya dai ya rage.
Ran Juma'a goshina ya taɓa tabarma,
na daɗe a can har na kusa da ni ya yi gyaran murya.

Ni da na san farashin kowane nauyi,
daga bakin mota zuwa cikin sito,
har yau in na fito ina ɗiga
sai in waiga in tambayi ruwan:
nawa ne ladan dako?