Gungun Ige

A Kado, bayan rumfar masu ƙanƙara,
inda ƙuda ke riga kowa buɗe kasuwa,
nan kakata Ige ke zama da rabin ganga,
tana juya tarwaɗa a kan waya,
hayaƙi na bin zanenta har gida.

Ba ta ƙaunar kifin nan.
Ta ce ɗan ramin siminti ne,
an ciyar da shi daga buhu kamar kazar gona,
bai taɓa kokawa da igiyar ruwa ba,
shi ya sa namansa ba shi da labari.
Amma shi ke biyan kuɗin ɗaki a Gwagwa.

A gungu aka yanke mata cibiya,
tsakiyar Kwara, yini guda a jirgi daga Yawuri.
Gida arba'in, tsamiya uku, masallacin zana.
Kakansu Makau ya fara kafa turke a can,
ya tsere wa yaƙi da filafili a hannu,
ya ce duk mai nemansa ya biyo shi da iyo.

Can ba a cin kifi da gaggawa.
Na farko da ya faɗa taru, na gwauruwar gari ne.
Kan giwan ruwa na dattijo,
wutsiya ta wanda ya yi tuƙi,
yara su yi ta fama da kurungu.
Albasar bakin gaɓa, daddawa, ɗan jiƙon toka,
romo ya yi kauri har ya riƙe ludayi,
tuwon shinkafar fadama na jira a akushi.
In an gama, ƙaya ta koma kogi,
don ba a mayar wa mai kyauta kwano wayam.

Tana 'yar sha uku aka datse ruwa.
Ma'aikata suka zo da fenti,
suka shafa wa kowace ƙofa lamba.
Ruwa ya hau a hankali kamar baƙo mai kunya,
ya fara da gonar albasa,
ya roƙi makabarta,
bai tsaya ba sai da ya sha kan tsamiya.

Ranar da na kai ta yin katin ɗan ƙasa
yarinyar ofis ta nemi garin haihuwa,
ta danna, ta sake dannawa,
ta ce, Mama, babu shi a na'ura.
Ige ta ce, mi kika sani, ɗiyata?
Garin na nan inda mun ka bar shi,
kihi ka kwana ɗakin innata.

Kihi. Tahi. Wanga.
Na sha dariya a makaranta saboda bakin nan,
na kankare shi kamar ɓawon ƙarfasa
har harshena ya yi sumul irin na rediyo.

Bara da Sallah muka je tafkin Jabi.
Ta tsoma yatsa, ta ɗanɗana, ta tofar,
ta ce wanga ruwa barci shikai.
Duk da haka ta shiga kwale-kwalen haya,
ta ƙi rigar iyo,
ta dubi yaron da ke dukan ruwa kamar mai sussuka,
ta karɓe filafilin ba ko sallama.
Sau uku ta tsoma shi,
jirgi ya miƙe kamar ya ji sunansa.
Ba ta ce komai ba har muka kai tsakiya.
Can ta kwance bakin zane,
ashe ƙayar kifin daren jiya ta ƙullo,
ta zuba a ruwan da ba nata ba.

Jiya a kantin ofis, cikin layi,
mai abinci ta ce, nama ko me?
Kafin in tauna, bakina ya riga ni.
Kihi, na ce.
Na bayana ya yi dariya.
Ban gyara ba.