Askin Haidaranjiya

Shekarar da na kama haya a Falmouth
na tarar da ita tsaye a gindin katanga,
kawunanta a bushe, ja-ja, kamar audugar da aka manta a gona.
Ni ɗan manomi ne daga Ɗanja,
a wurinmu in an gama girbi, kara sai lauje.
Na ɗauko almakashi cikin Nuwamba,
na yi mata ƙwal-kwabo har ƙasa,
na tattara rassan, na yaba wa kaina.

Yuli ya zo, ganye ya cika wuri,
kore shar, faɗinsa ya kai tafin hannu.
Fure kuwa ko na rantsuwa.

Misis Tregenza ta leƙo ta kan shinge,
ta ce, Sadisu, 'ya'yan bana ka yanke tun suna goye.
Wannan a tsohon reshe take haihuwa.
Busasshen kan da ka ga ya yi muni
hula ce, ita ke tare wa toho ƙanƙara.
Ka bar ta ta sha sanyin a madadinsu.

Kaza ta kwana kan dami, na ce a raina.

Sai na koyi zama da abin da bai yi kyau ba
tun daga Disamba har ƙarshen Maris.
In dare ya daina cizo,
ka bi reshe da yatsa daga sama,
ka sauko a hankali har ka ci karo da toho biyu,
masu ƙiba, kamar tagwaye a zane ɗaya.
Sama da su kaɗan, ƙaras.
Wanda kake shakka, kankare bayansa da farce,
in babu kore a ciki, ya gama nasa.
Cikin tsofaffi uku ka cire ɗaya daga tushe,
iska ta samu hanya, sabo ya samu wurin tsayawa.

Bana sanyin ƙashi ya murɗe mata yatsu,
ko kofin shayi da hannu biyu take ɗauka.
Na taso daga aikin dare a asibiti,
ban cire takalmi ba na tsallaka gidanta.
Ta miƙo almakashin marigayi mijinta,
mariƙinsa ya sha hannu har ya yi santsi.

Tana zaune a taga, ina durƙushe a jiƙaƙƙen taki,
tsuntsayen teku na ta rigima a kan rufi.
Nata shuɗi suke fitowa, ƙasarta mai tsami ce,
nawa ruwan hoda, katanga ta ɓata musu ƙasa,
ga mu kuwa shinge ɗaya.

Hannuna ya zarce, ya nufi ƙasa da toho,
tsohon halin lauje ya motsa.
Sai na ji zobenta a jikin gilashi:
ƙwas, ƙwas.
Na ja almakashin sama da yatsa biyu.
Ta gyaɗa kai, ta koma ga shayinta.