Dokin Ƙofa

Sau uku muna ƙara wa dokin ƙofarmu tsawo.
Layin farko babana ya ɗora,
shekarar da ruwa ya shigo ba sallama
ya ɗauki buzunsa na salla
ya kai shi bayan kasuwar Aboabo.
Na biyu ni na kwaɓa simintin.
Na uku cikin dare muka yi shi, tocila a bakina,
hadari yana gurnani ta wajen Asawase.

Yanzu Mma Lariba sai ta dafa kafaɗata
kafin ta shiga ɗakin da ta haife ni.
Ta ce, "Mumuni, wannan ai ba ƙofa ba ce,
katanga kuka gina mini."

Ita ta san rafin nan tun yana da fuska.
Ta kama ƙaguwa a cikinsa,
ta ga ana wanke goro a bakinsa
ana ɗaure huhu za a kai Salaga.
Ni ban san shi da komai ba sai baƙin ruwa,
ledar ruwan sanyi, tsohuwar katifa,
takalmi wari guda, mushen kaza,
da warin da ke riga mu yi wa baƙo maraba.

Ba zan ɓoye ba, ni ma na zuba.
In hadari ya haɗo, kowa ya fito da bokitinsa,
a ce ruwa zai tafi da shi.
Ina zai kai?
Gidan na ƙasa.
Mun manta mu ma na ƙasan wani ne.

Ran Talata wata yarinya ta zo daga ofishin tsara gari,
Serwaa, da takalmin roba har gwiwa.
Ta shimfiɗa taswira a kan teburin kokon Mma,
ta danne gefe da ludayi.
Wani shuɗin zare ya ratso Kumasi,
ya bi ta kan ɗakinmu,
daidai inda gadon Mma yake.
Ta ce, "Nan hanyar ruwa ce."

Mma ta ce, "'Yar nan, da muka zo
ruwa yana can, jifa biyu daga nan.
Ba mu muka je wurinsa ba.
Fadamar da take shanye shi a sama,
an cike ta da jar ƙasa,
an dasa gidan mai, an dasa bene hawa biyar.
Wa ya sa musu hannu?"

Serwaa ta dubi takalminta.
Ta sha kokon da aka zuba mata,
ta ce ya yi daɗi,
sannan yaronta ya buɗe gwangwanin jan fenti.

Kafin ta naɗe takardar na leƙa shafi na biyu,
garin da suke so ya zama.
Rafi garai-garai, itatuwa a jere,
benci, fitilu, gadar ƙafa,
da wasu 'yan mutane ƙanana kamar tururuwa
suna yawo hannu a aljihu.
Wallahi ya yi kyau.
Na daɗe ina neman mai bokitin koko a cikinsu.

Ba na faɗa da taswira.
Ruwa ba ya mance hanyarsa,
gari kuwa kullum sai ƙaruwa:
kowace mota ta sauke mutum a Kejetia
da jaka ɗaya da lambar wayar ɗan'uwa.
A nuna mana inda za mu sauka kawai,
inda Mma za ta ji kiran salla
da muryar da ta sani.

Jan fentin ya bushe.
Ba wanda ya dawo.
Jiya aboboya ya sauke mini bulo shida,
sidi arba'in da takwas.
Ga su nan a zaure ban taɓa ba,
ga gabas ta fara yin baƙi.