Zare Ya Fi Sarƙa Tsawo

Ladidi ta dawo daga Badagiri da yashi a takalmi,
ta ƙi taɓa tuwo.
Ta zauna a bakin shagona, nan Agege,
inda jirgin ƙasa kan girgiza mana kwanon rufi in zai wuce,
ta ce, "Baba, na ɗaga sarƙar.
Malama Morenike ta ce kowa ya gwada.
Hannu biyu na sa, ban kai ta ƙirji ba.
Wuyan wa ya ɗauke ta?"

Ni mai ɗinkin hannu ne, amsa ba sana'ata ba ce.
Shekara talatin ina bin shaddar mutane da allura,
aska biyu, aska takwas, tambari a gaba,
ban taɓa tambayar wa ya fara zana su ba,
balle inda jikokinsa suka kwana.

Ta ce, "An nuna mana wata rijiya.
Wai wanda ya sha ruwanta sai ya manta garinsu,
ya manta sunan da uwarsa ke kiransa in ranta ya ɓaci."
Na ce, "Wai."
Ta ce, "Har da namu a ciki.
Masu harshen nan da nake maka magana da shi,
da tsaga a kumatu, da laya a damtse,
aka tura su hayin teku."
Allura ta shige mini ɗan yatsa. Na tsotse jinin, na yi shiru.

Washegari na bar rigar angon Alhaji Shekarau a rataye,
na shiga danfo, na sha cunkoson Oshodi,
na sami Iya Abeke a bakin tukwanenta,
hannunta shuɗi har gwiwa.
Muka yi ciniki, rabi Yarbanci, rabi Hausa, rabi nuni da yatsa,
ta yanko mini yadi uku na adire.
Da baba aka rina shi.
Sunan da 'yata ke kirana ke nan,
ashe ni ma an so in kama jikin wani abu, kada in zuba.

Dare tara.
An ɗauke wuta a shida daga ciki,
na riƙe fitilar waya da haƙori.
Na ɗinka kwale-kwale a kafaɗar hagu,
na ja farin zare ya zama bakin teku.
Rijiyar nan na yi ta a kan aljihu,
sannan na bi bakinta da ƙulli, na ɗinke shi ruf.
A dama na sa jirgi ɗaya, ƙarami, ya juyo gida,
don Malama ta ce wasu sun dawo,
sun gina benaye masu tagogi kamar gira a cikin Ikko.

Sunaye ne suka gagare ni.
Ba wanda ya rubuta, ba wanda ya aiko.
Sai na ari na ƙauyenmu,
na jera su da ajami a gindin riga:
Tanko, Delu, Barau, Kande, Mati, Tasalla,
wanda ya ji nasa ya amsa,
wanda bai ji ba ya yi haƙuri, yadin ne ya ƙare.

Ranar al'adu ta sa ta tafi.
Ban je ba, Alhaji ya zo da faɗa har ƙofa.
An ce wani yaro, Chidubem, ya tsuguna
ya ce ta karanta masa ƙasan rigar,
ta karanta, ajin ya maimaita,
har masu gurɓata Barau su ce Baro.

Da magariba ta shigo, gumin Legas ya yi aikinsa:
shuni ya zuba a wuyanta,
zobe guda, shuɗi,
daidai inda ƙarfe kan zauna.
Uwarta ta ɗauko soso da sabulu.
Ladidi ta dafe wurin da hannu,
ta ce a bar shi sai gobe.