Ɗigon Ruwa a Kan Farin Yadi

A bayan Kura, inda hanyar gona ta rabu biyu,
akwai rabin duro zaune kan duwatsun murhu,
gindinsa baƙi ƙirin, bakinsa fari fat da toka.
Nan ubana Cindo ya tsayar da ni shekara bakwai
kafin ya yarda in leƙa ramin rini.

Sabon yadi in ya iso daga Kwari,
sai ya shimfiɗa shi a cinya, ya tsoma yatsa a buta,
ya sakar masa ɗigo ɗaya.
Ɗigon ya zauna, ya dunƙule kamar idon kaza,
yana rawa, ya ƙi shiga.
"Ka gani? Sitaci ne da maiƙon auduga.
Cikinsa a ƙoshe yake, ina zai zuba launi?"

Sai a tace ruwan toka, tokar karan gero,
a jefa ungurnu dunƙule biyu,
in yi ta iza wuta, in yi ta juyi da muciya
har ruwan ya yi kalar romon daddawa,
har yadin ya saki jiki, ya daina ƙara in an murza.
Wanda za shi ja ko ruwan ɗorawa
ya kwana a jiƙon bagaruwa, ya wayi gari cikin alif.
Ni kuwa hayaƙi na cin idona wuni bayan wuni.

Na taɓa yin wayo.
Tasalla mai ƙosai ta kawo turmi biyu, na sunan jikarta,
ta ce jibi take so. Tsoho ya tafi gaisuwa Garun Malam.
Na tsallake duro, na zarce rami.
Ya fito shuɗi, yana ɗaukar ido, har na yi wa kaina kirari.
Wanki ɗaya!
Kwatar gidansu ta kai shuɗin har bakin titi,
zanen ya koma kamar bangon da ruwa ya daka.
Bai ɗaga hannu ba. Ya ja akuyarmu kasuwa, ya biya.
Shirun nan ya fi dorina yi mini rauni.

Da ƙanena Mudassir ya gama karatu a Kazaure
ya zo da soda a leda, da safar roba, da sikeli ɗan mitsitsi,
ya ce awa guda ta ishi abin da muke kwana a kai.
Tsoho ya ɗiga ruwa. Kafin ƙiftawa ɗigon ya nutse.
Ya daɗe yana kallo.
"To. Gaskiyarka. Amma rage hannu, tana cin zare."
Safar kam, ƙusa ya ba ajiya.
Me za ta tsare? Toka ta dafa tafinsa shekara arba'in,
ya tsattsage, ya buɗe, ya sha baba
har ƙarƙashin farce, har dab da jini.

Ranar da ya cika, tsakiyar damina,
masu wanka suka cuɗa, suka sake cuɗawa.
Liman ya ce, ku ƙyale, wannan ba dauɗa ba ce.
Aka aiko in yanko farin yadi.
Na shimfiɗa shi a cinya a zaure, almakashi a gefe,
ban san sa'ad da yatsana ya shiga buta ba.
Ɗigon ya zauna. Ya dunƙule. Ya ƙi shiga.
Na waiwayi duro, ga itace nan a jibge,
na ji ƙafata na neman tashi.
Mudassir ya dafa kafaɗata: "Yaya, bar shi haka.
Wannan ba ya jiran rami."
Tunda na yi wayo ban ga yadin da ya fita ƙofarmu ɗanye ba
sai wannan likkafani.

Da asuba na hura wutar duro.
Akwai turmi huɗu na mutanen Bunkure da ya karɓa,
ya ɗaure kowanne da ƙullinsa,
ban san wanne ne na wa ba.
Na dai fara da dahuwa. Ita na sani.