Kwanon Ƙarƙashin Randa

Kwana arba'in maɗori ya yanka mini.
Tsani ne ya zame a lambun mangwaro, can Sawagi,
na hau da kwando, na sauko da ƙashi biyu
inda Allah ya yi ɗaya.

Ga ni kan angarib a inuwar rumfa,
an ɗaure ƙafata da kara kamar damin dawa.
Duk faɗin Kasala, rabona katanga ce
da ƙeyar dutsen Taka
mai leƙo mu ta saman gidan Usaini mai gawayi.

Sai randar Barira.
Tana zaune kan ƙafafun ƙarfe a gindin dogon yaro,
tana ɗiga, ɗis,
sai ka fid da rai, ɗis,
cikin tsohon kwanon da murfinsa ya ɓata.
Shekara goma sha bakwai ina tsallake kwanon nan,
ashe kasuwa ce ke ci.

Gwara ke buɗe ta, tun ba a ɗora jabana ba.
Su sha, su yi wanka,
su yi faɗa kan abin da ya ishe su duka.
Kurciya sai rana ta taka katanga:
ta tsaya nesa, ta dubi hagu, ta dubi dama,
kamar wadda ta zo biki ba a gaya mata ba.
In ta tsoma baki ba ta ɗagowa sai ta ƙoshi,
saura kuwa sai sun ɗaga kai ruwa ke wucewa.
Ban taɓa sani ba.
Wa ya zauna, balle ya sani?

Ranar wata Alhamis alhudahuda ya sauka,
ya caccaki danshin ƙasa kamar mai neman allurar da ta faɗi,
ya buɗe tukkunsa sau ɗaya,
ya tafi. Na jira shi Alhamis uku.

Ni ne fa yaron nan na gonakin Gash,
wanda ake ɗorawa kan dakali tun asuba
da majajjawa, da gwangwani cike da tsakuwa.
Na yi ihu har muryata ta tsufa kafin ni.
A lokacin ba su da ido, ba su da wuya,
hayaƙi ne kawai mai cin zangarniya.

Yanzu Rumana nake aika, jikata,
ta ɗebo mini tafi guda daga buhu a ɓoye.
Barira ta kama mu.
Ta ce, “Dawa ta yi tsada, kai kana ciyar da tsada!”
Ta yi tsaki, ta wuce madafa.
Washegari na ga ɓarɓashin kisira kusa da kwanon,
ban ce komai ba.

In inuwar shirwa ta ratsa tsakar gida
sai kasuwa ta watse ba sallama,
har ɗigar randa ka ji ta yi ƙara.

A kwana na talatin da ɗaya
'yar tsada ta sauka kan karan ɗorina.
Ba ta fi nauyin dabino ba.
Na riƙe numfashi har idona ya kawo ruwa.
A wurinta ni turmi ne, ko itace.
Ba a taɓa girmama ni haka ba.

Jiya shamuwa ta iso kan bishiyar masallaci,
an ce Gash ya kusa kawo ruwa.
Yau maɗori ya kwance kara, ya tofa addu'a,
ya ce, “Ɗahiru, taka mu gani.”

Na miƙe. Na taka.
Firr!
Kwano ya rage shi kaɗai, ruwansa na rawa.
Sun tuna ko ni wane ne.

Ana ta barka, ana ta guɗa.
Na ce, ku dakata, ƙafar ba ta gama ba,
na koma na zauna.