Gungumen Ƙasa

Yau muka ɗaga ɗakin da jak huɗu.
Taƙi ɗaya kacal, amma ya yi ƙara
kamar tsohon da aka tasa daga barci.
Gungumen ƙasa ne ya ruɓe,
shi da ya shekara casa'in
yana shan ruwan narkakkiyar ƙanƙara
bai taɓa kai ƙara ba.

Kakana Torvald Ekren ya sare shi
tun hanyar mota ba ta hau Roki ta nan ba.
Alfadarai biyu, gatari, gizago,
da hannun da yatsa ɗaya ya yi ƙaura.
Ba ƙusa a kusurwa ko guda:
ya fafe kowane gungume
har ya kwanta a wuyan ɗan'uwansa ya yi shiru.

Masu gadin gandu sun yi ta zuwa suna wucewa.
Wani ya zana tsawon 'yarsa a jikin ƙofa,
layi bakwai, daga nan ba ƙari.
Beyar ta bar farcenta ƙarƙashin taga.
Hayaƙin murhu ya rina azara
har baƙin ya koma sheƙi.

Merrill na cewa in yi sauri, gajimare na haɗuwa a ƙwanƙoli.
Ni kuwa na durƙusa, na tura hannu
inda rana ba ta leƙa ba tun ranar gini,
na taɓo wani abu mai sanyi.
Cokali ne. Na ƙarfe, ya lanƙwashe.
Ko da shi ya cusa gansakuka a tsaga,
ko miya ya sha ya manta,
ba wanda zan tambaya.

Sabon gungumen na kwance a ciyawa,
fari tas, yana zubar da ƙaro,
bai san nauyin da ke jiransa ba.
Na ƙirga zobbansa: ɗari da tara.
Ashe yana tsiro a gangaren can
lokacin da tsohon ke wasa gatari.

Muka tura shi, muka sauke ɗakin a hankali.
Kusurwa ta karɓa, ba gardama.

Gobe baƙi za su zo da takalman hawa,
su ɗauki hoton rufi da bututun hayaƙi.
Ba mai sunkuyawa ya duba ƙasa.
Cokalin dai na mayar inda yake,
sannan ruwan ya sauko.